Yadda ake zaɓar allurar barci da ta kashe zafi kafin a yi wa dabba aiki

Dabba ta kwanta ta yi lamo, ba harbi ba kuka, wannan ba shaida ba ce cewa ba ta jin wuƙa. Da wannan maganar nake fara wa duk wanda ya zo koyon tiyatar dabbobi a hannuna, domin yawancin azabar da dabba take sha a wajen aiki daga rashin gane hakan take tasowa. Abu uku muke nema, kowanne da maganinsa: a kwantar wa dabba da hankali, a toshe mata zafi, a fitar da ita daga hayyacinta gaba ɗaya. Asefuromazin zai sa kare ya yi laushi ya bar faɗa, amma ko kaɗan ba ya rage zafi. Furofofol zai kai shi barci mai nauyi, amma yana farkawa zafin yankan na nan yana jiransa. Saboda haka tambayar farko ita ce, a cikin ukun nan wanne aikin yake bukata? Sau da yawa za ka tarar biyun farko sun wadatar.

Ƙananan likitoci da mataimakansu nake wa wannan bayani. Mai kiwo in ya karanta, ya karanta don ya san abin da zai tambayi likitansa, ba don ya sayi kwalba ya gwada da kansa ba. Waɗannan magunguna tsakanin adadin da yake aiki da wanda yake kisa babu nisa.

Kafin ka ɗauki sirinji

Auna dabbar. Ƙanana a ɗora su a sikeli, manya a zagaya musu tef a ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba. Ido yana ruɗi, musamman a kan kyanwa mai yawan gashi da tunkiya mai ulu. Daga nan ka saurari zuciya da huhu, ka ɗaga leɓe ka duba dasashi, ka auna zafin jiki, ka tambaya ko tana da ciki da kuma ko tana fitsari yadda ya kamata. Dabbar da jininta ya yi ƙasa ko ruwan jikinta ya ƙare, rabin adadin da aka saba ma yana iya yi mata yawa. Fara yi mata ƙarin ruwa.

Lissafin kuwa ɗaya ne kullum: adadin miligiram da ake ba kowane kilo, sau nauyin dabbar, a raba da miligiram ɗin da ke cikin kowane ml na kwalbar. Kwalbar da aka rubuta kashi 2 cikin 100 tana da miligiram 20 a ml ɗaya; mai kashi 10 tana da 100. Rubuta lissafin a takarda, ko da ka yi shi sau dubu.

Hana abinci ya danganta da irin dabbar. Kare da kyanwa awa 6 zuwa 8 sun isa, ruwa kuma a bar musu. Babbar saniya da za a kwantar a sa ta barci tana bukatar awa 24 ko fiye ba abinci, da kamar awa 12 ba ruwa, tumaki da awaki awa 12 zuwa 24. 'Ya'yan da ke shan nono ba a yi musu doguwar yunwa, sukarin jininsu zai faɗi. Zomo kuma ba a hana shi abinci sam, don ba ya amai, kuma hanjinsa in ya tsaya tayar da shi aiki ne.

Kashe wurin da za a yanka

Nan ne nake so a fi ba da ƙarfi, domin a shanu, tumaki da awaki allurar kashe wuri ta fi allurar barci aminci nesa ba kusa ba. Saniya tana iya fitar da yawu fiye da lita 100 a yini, kuma tumbinta ba ya taɓa zama fanko duk yunwar da aka yi mata. In ta yi barci a kwance, gyatsa ta tsaya, ciki ya kumbura ya danne huhu, abin da ke tumbi ya taso ya gangara hanyar numfashi. A tsaye kuwa, ana iya buɗe mata kwiɓi a ciro maraƙi tana tuƙa abinta.

Maganin da muka fi dogaro da shi shi ne lidokain, wanda Nils Löfgren ya haɗa a Suwidin a 1943. Aikinsa shi ne toshe ƙofofin da sinadarin sodiyam yake bi ya shiga jijiyar ji, sai saƙon zafi ya kasa wucewa zuwa ƙwaƙwalwa. Yana kamawa cikin minti biyar, ya ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Bufibakain ya fi shi jinkiri, sai an jira minti 15 zuwa 20, amma yana kai awa huɗu zuwa shida, shi ya sa nake son sa a aikin da zafinsa zai daɗe. Sai dai kada ya shiga jijiyar jini ko da wasa, zuciya yake kamawa. Duk inda ka soka allura, ja bayan sirinji tukuna. In jini ya biyo, fita ka sake wuri.

Akwai lidokain da aka gauraya da adirenalin don jijiyoyin jini su tsuke maganin ya daɗe a wurin. Yana da amfani a kwiɓi, amma kada ka sa shi a hantsa, kunne, wutsiya ko ƙafa, inda jini yake bin hanya ɗaya, don naman yana iya mutuwa. Haka kuma wurin da ya kumbura ya tara mugunya ba ya karɓar maganin sosai, saboda tsamin da ke cikin naman yana hana shi ratsa jijiya. Kada ka yi ta ɗura masa. Ka nemi jijiyar daga sama, inda naman yake lafiya.

Yawan lidokain guba ne, kuma awaki ne suka fi saurin nuna hakan. Ni ba na wuce miligiram 6 a kowane kilo a akuya, kyanwa kuma ƙasa da haka. Akuya mai kilo 25 ke nan miligiram 150, wato ml 7.5 na mai kashi 2, shi ke nan abin da kake da shi na aikin gaba ɗaya. Ɗan akuya mai kilo 5 kuwa ml 1.5 ne kacal rabonsa. In wurin da za ka rufe yana da faɗi, sirka maganin: kashi ɗaya na lidokain, kashi uku na ruwan allura, ya koma rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma yana aiki. Alamar ya yi yawa ita ce tsoka ta fara rawa, dabbar ta yi magagi, sai jijjiga. Diyazifam ta jijiya yana tsayar da jijjigar, shi ya sa yake kusa da hannuna kullum.

Wajen cire ƙaho a shanu, jijiyar da ke kai wa ƙahon ji tana bi ƙarƙashin wani tudun ƙashi da ya taso daga gefen ido ya nufi gindin ƙaho. Shafa da yatsa za ka ji shi. Tsakiyar tafiyar, daf da ƙarƙashin tudun, ka sa ml 5 zuwa 10, ba da zurfi ba. Akuya daban take: kowane ƙaho jijiya biyu ne suke kai masa ji, ɗaya ta bayan ido, ɗaya ta saman ido wajen hanci. Wanda ya yi mata irin ta shanu ya kashe rabi ya bar rabi, kuma kukanta zai gaya masa. Wuri huɗu ke nan a kai ɗaya, dalilin sirka maganin ke nan.

Allurar gindin wutsiya ita ce na fi so a koya da wuri, domin tana ceton saniyar da haihuwa ta yi wa gardama ko mahaifarta ta fito. Kama wutsiya ka ɗaga ka sauke kamar mai buga famfo, ɗaya hannun kuma yana lalube a kan gindinta. Za ka ji wani ɗan rami da yake buɗewa yana rufewa, gaɓa ce ta farko mai motsi. Aske wurin ka wanke shi sosai, don abin da ka shigar nan kusa da laka yake zuwa. Soka allura a tsakiya, ka ɗiga ɗigon magani a bakinta, ka ci gaba da turawa a hankali. Da ka isa, za ka ga an zuƙe ɗigon ciki. Sa ml ɗaya na lidokain a kowane kilo 100, wato 4 zuwa 6 a babbar saniya, kuma ya shiga ba tare da turjiya ba. Cikin 'yan mintuna wutsiya za ta saki, yunƙuri ya tsaya. In ka zarce adadin, maganin ya haura ya kama jijiyoyin ƙafafun baya, saniyar da kake so a tsaye ta zube.

Don buɗe kwiɓi, hanya mafi sauƙi ita ce layi biyu: ɗaya a tsaye bayan haƙarƙarin ƙarshe, ɗaya a kwance ƙarƙashin fikafikan ƙashin baya, a sa a fata da tsoka duka, ml 60 zuwa 100 a babbar saniya. Wanda hannunsa ya faɗa yakan nemi jijiyoyi ukun da suke fitowa daga ƙashin baya a wurin, ya kashe su tun daga tushe. Wannan ya fi saki tsoka, kuma fatar kwiɓin za ta yi ɗumi in ya kama. Na kofato kuma, a ɗaure ƙafar da roba tam, a sa ml 15 zuwa 20 na lidokain marar adirenalin a jijiyar jinin da ta taso ƙasa da ɗaurin. Kada a kwance kafin minti 20, kada kuma ya wuce awa ɗaya.

Ko wacce ka yi, jira, sannan ka gwada da tsinin allura kafin ka ɗauki wuƙa. Minti biyar ɗin nan ne mutane suke ƙyashi. Fiɗiyar rago da bunsuru ma haka: 'yan ml kaɗan a igiyar gwaiwa da fatar da za a tsaga. Cewa an saba yi ba magani ba hujja ba ce a wurina.

Zailazin

Kamfanin Bayer ne ya haɗa shi a 1962, da yawa sun san shi da sunan Rompun. Yana kwantar da hankali, yana saki tsoka, yana rage zafi na ɗan lokaci. Haɗarinsa yana cikin bambancin dabbobi. Doki yana ɗaukar miligiram 1.1 a kowane kilo ta jijiya, saniya kuwa 0.05 zuwa 0.1 ya ishe ta ta tsaya shiru, 0.2 ya kwantar da ita. Kusan ninki goma ke nan. Ga shi kuma ana sayar da shi kwalba iri biyu. Saniya mai kilo 300 a kan 0.05 tana bukatar miligiram 15, wato ml 0.75 na mai kashi 2. Ka zuƙo wannan adadin daga kwalbar dawaki mai kashi 10, ka ba ta ninki biyar. Karanta kwalba kowane lokaci, kuma kada ka ajiye su biyun wuri ɗaya.

Akuya mai kilo 25 rabonta bai kai kashi ɗaya cikin goma na ml ba, abin da sirinji ba zai auna daidai ba. Zuba ml 1 na mai kashi 2 cikin ml 9 na ruwan allura, ka ba ta 0.6 daga ciki. Tunkiya kuma zailazin yana iya tara mata ruwa a huhu ya rage mata iskar jini, ni na fi son diyazifam a kanta. Ba na ba saniyar da cikinta ya shiga watanni ukun ƙarshe, don yana sa mahaifa ta riƙa matsewa, tana iya ɓari. Ba na ba ragon da fitsari ya toshe masa, don yana ƙara yawan fitsari, mafitsara ta fashe. Yana rage bugun zuciya, yana sa kyanwa amai, kuma a tsananin zafin rana ƙarfinsa a jikin shanu yana ƙaruwa. Dokin da kansa ya sunkuya har ƙasa yana iya harbi farat ɗaya, kada ka tsaya a bayansa. Makarinsa atifamizol ne ko yohimbin. In ba ka da ɗaya daga ciki, ƙara yin ƙasa da adadin.

Barci gaba ɗaya

Akwai aikin da dole sai da shi: karaya, buɗe cikin kare ko kyanwa, fiɗiyar ingarma. Nan ma ba magani ɗaya ake ɗora wa nauyin ba. A fara da mai kwantar da hankali haɗe da mai rage zafi, sannan mai sa barci, sannan a kashe wurin yankan da lidokain duk da dabbar tana barci. Kowanne yana rage adadin ɗan'uwansa.

Ketamin shi ne ya fi yawa a hannun mutane, kuma shi ne aka fi ɓata amfani da shi. Yana raba ƙwaƙwalwa da abin da jiki yake ji, amma ido yana nan a buɗe, tsoka a sandare, dabbar tana haɗiya. A kare da doki ba a ba da shi shi kaɗai, zai kawo jijjiga da mummunar farkawa. A doki, zailazin 1.1 ta jijiya, ka jira minti uku zuwa biyar har kai ya sauka leɓe ya saki, sannan ketamin miligiram 2.2 a kowane kilo. Zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, ka samu minti 15 zuwa 20 na aiki. In zailazin bai kama ba, kada ka bi shi da ketamin. Jaki yana narkar da ketamin da sauri fiye da doki, sai an riƙa ƙara masa da wuri. A kare, ketamin miligiram 5 da diyazifam 0.25 a kowane kilo ta jijiya haɗi ne mai kyau. Kyanwa ta ƙoda take fitar da shi, don haka wadda fitsarinta ya toshe sai da taka-tsantsan. Tunda ido ba ya rufewa, shafa masa man ido, in ba haka ba ya bushe ya yi gyambo.

Furofofol farin ruwa ne da ake ba da shi ta jijiya kawai. Wanda ya gano shi a Birtaniya, John Glen, likitan dabbobi ne, abin da nake jin daɗin tunawa duk lokacin da na ga asibitocin mutane sun dogara da shi. Kare da aka riga aka kwantar wa hankali yana bukatar miligiram 2 zuwa 4 a kowane kilo, a tura a hankali cikin minti guda ana kallon dabbar, a tsaya da zarar muƙamuƙi ya saki. Turawa da sauri tana tsayar da numfashi. Ƙwayoyin cuta suna son ruwansa, kwalbar da aka buɗe ba ta kwana sai in an rubuta a jikinta cewa tana iya. Tiyofental, inda har yanzu ake samunsa, in ya zuba a wajen jijiya yana ruɓar da fata, kuma siraran karnukan tsere marasa kitse suna daɗewa ba su farka daga shi ba.

Aikin da zai wuce rabin awa ya fi dacewa da iskar aisofuluren ta na'ura, tare da oksijin, ta bututun da aka zura a maƙogwaro. Amfaninta shi ne zurfin barcin yana hannunka, ka ƙara ka rage. Maƙogwaron kyanwa yana shaƙewa in an taɓa shi, ɗiga masa ɗigon lidokain ka jira kafin ka zura bututu. In kuma dole ta sa ka kwantar da saniya, tallafe ƙeyarta hanci ya kalli ƙasa don yawu ya zuba waje, ka ja ƙafar gaban da ke ƙasa ta miƙe gaba, ka sa abu mai taushi ƙarƙashin kafaɗa. Jijiyar da ke wurin in nauyi ya danne ta, saniyar za ta tashi tana jan ƙafa.

Ido a kan dabba har ta miƙe

Mutum ɗaya ba ya yanka ya kuma lura da barci. Sai an sami wani da aikinsa kawai shi ne ƙirga numfashi da bugun zuciya duk minti biyar yana rubutawa. Ya danna dasashi ya saki: jan launi ya dawo kafin daƙiƙa biyu. Fari fat ko shuɗi-shuɗi na nufin a dakata da komai. Ya taɓa gefen ido ya ga ko zai ƙifta, ya gwada ƙarfin muƙamuƙi. A kare, ƙwayar ido tana juyawa ƙasa in barci ya yi daidai. In ta dawo tsakiya ta buɗe kuma babu ƙiftawa, ya yi zurfi, a rage nan take. Da ketamin alamar ido ba abin dogaro ba ce, numfashi da motsi za a bi. Dokin da idonsa ya fara rawa yana hawaye yana gab da farkawa.

Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka buga a 2008 ya nuna kusan kare ɗaya cikin 600 yana mutuwa ta dalilin maganin barci, kyanwa ɗaya cikin 400, zomo ɗaya cikin 72. A dawaki adadin yana kusa da ɗaya cikin 100. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a kyanwoyi fiye da rabin mace-macen bayan an gama aiki suka faru, galibi cikin awa ukun farko, lokacin da kowa ya juya yana wanke kayan aiki. Ƙaramar dabba tana yin sanyi da sauri, sanyi kuma yana jinkirta farkawa. Lulluɓe ta, amma kada kwalbar ruwan zafi ta taɓa fatarta kai tsaye, ba za ta iya matsawa ba in tana ƙonewa. Bututu ba ya fita sai kare ya fara haɗiya. Saniya da akuya a zaunar da su a kan ƙirji don gyatsa ta fita. Doki a rufe masa ido, a yi shiru, kada a tashe shi kafin ya shirya, don yunƙurin wuri shi ne yake karya masa ƙafa.

Lidokain zai saki dabbar bayan awa biyu, don haka a ba da maganin zafi na bayan aiki, irin su meloksikam, in ƙoda lafiya take kuma ba ta rasa ruwa ba. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Gaya wa mai ita wannan da bakinka kafin ya tafi.

Dabbar da ake sha nononta ko cin namanta, duba takardar kowane magani ka gaya wa mai ita kwanakin da zai jira, ka kuma rubuta masa. Ketamin da diyazifam a kulle suke zama, kowane ml da ya fita a shigar da shi littafi, don mutane suna sace su su sha. Zailazin kuma in ya soki hannunka ko ya fantsama maka a ido, kada ka tuƙa mota da kanka: yana saukar da hawan jini ya rage numfashin mutum. A kai ka asibiti tare da kwalbar, domin likitocin can su ga abin da ya shiga jikinka da ƙarfinsa.